Ranar Da Na Kori Mbah Wongso

Ni ban taɓa neman riƙon zauren wasiƙun masu kiwon kurciya na garinmu Klaten ba. Ɗora mini aka yi a shekarar 2003, don kawai akwai kwamfuta a ofishinmu kuma shugabana ba ya shigowa sai rana ta take tsaka. Zauren ba gini ba ne, adireshin imel ne guda ɗaya. Duk wanda ya aika saƙo can, sai ya faɗa akwatin kowa da kowa da ya yi rajista. Mu ɗari uku ne da 'yan kai, daga masu sayar da gero a kasuwar tsuntsaye har likitoci, kuma ba abin da ya haɗa mu sai kukan tsuntsun da bai cika tafin hannu ba. A nan ake gardamar kurciyar wa ta cancanci kofi, a nan ake yi wa alƙalan gasa wankin babban bargo cikin ladabi.

Ƙofar a buɗe take tun farko. Ko ba ka yi rajista ba, in dai ka san adireshin, saƙonka zai shiga. Haka muka gan ta, haka muka bar ta, don ba wanda ya yi tunanin akwai mutumin da zai ɓata lokacinsa a kan masu kurciya.

Dattijon zauren kuwa Mbah Wongso ne, Mbah a bakinmu kaka ke nan. Shi ya kafa ƙungiyar tun ina rarrafe. Shekara talatin da takwas ya yi yana raba wasiƙu a kan keke kafin ya bar aikin gidan waya, kuma kunnensa ne ma'aunin garin: in ya ce kurciya ta yi kuka, ta yi, in ya ce tari take yi, sai mai ita ya sauke kejinsa ya tafi gida. Tun da matarsa ta rasu ya tsiri rubuto mana wasiƙa duk ranar Alhamis, da manyan baƙaƙe daga farko har ƙarshe, wai ƙananan baƙaƙe na masu ɓoye-ɓoye ne. Yakan faɗi yadda ake wanke tsuntsu, da ganyen da ake jiƙa masa, da wanda ya gani yana ba kurciyarsa shinkafa kamar kaza. Ni "To" yake kirana, gutsuren sunana Prapto, kuma bai taɓa ganina bai ce na ƙara tumbi ba.

Sai 'yan talla suka gano mu. Da farko ɗaya-ɗaya, daga baya kamar ƙudaje sun ji warin kifi. Wannan yana sayar da agogo, wancan matar wani marigayin janar ce a wata ƙasa mai nisa da ta rasa wanda za ta amince wa a duniya sai masu kurciyar Klaten. Amma mafi yawansu maganin ƙarfin maza suke talla, da manyan baƙaƙe, wani har da hoto. Mutum ya buɗe akwatinsa a ofis don ya ji labarin gasa, sai ya yi sauri ya kare allon da ƙirjinsa.

Abin bai kai ni bango ba sai da Pak Gunardi, wato Malam Gunardi, ya zo. Dillalin babura ne, mai kurciya goma sha biyu da baki ɗaya da ya fi su duka ƙara, kuma shi ne mataimakina a riƙon zauren, muƙamin da bai taɓa taɓuka komai da shi ba. Ya shigo ofis ya ja kujera ya zauna, ya ce mini ya ga wani saƙo da manyan baƙaƙe, ya ɗauka na Mbah ne, ya aika aka kawo masa ƙwayoyin, ya daka rabin guda ya zuba wa zakaran gwajinsa a ruwan sha.

Na ce, "Pak Gun, hoton da ke jikin saƙon, kurciya ka gani?"

Ya ce hoton bai buɗe ba. Tsuntsun dai kwana biyu yana zagaye keji yana harararsa, ga shi yanzu muryar ta dishe, gasa kuma saura wata guda. Ya ce in ba zan iya riƙon zaure ba in faɗa, akwai masu iyawa. Ban tambaye shi inda sauran ƙwayoyin suka shiga ba, don ina da tarbiyya, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Yana fita na shiga wurin saitin zauren na rufe ƙofa: daga yau ba mai aiko da saƙo sai wanda sunansa ke cikin rajista. A ƙasa akwai wani fili da aka ce a rubuta amsar da na'ura za ta riƙa mayar wa duk baƙon da ya ƙwanƙwasa. Da na bar shi yadda yake, da Turancinsa mai sanyi, da ban ba ku wannan labari ba. Amma ina cikin fushi, kuma mu mutanen tsibirin Jawa bakinmu hawa-hawa ne, akwai maganar da ake yi wa manya, akwai ta tsara, akwai ta can ƙasa wadda ko akuyar maƙwabci sai ta yi ɓarna ake yi mata. Ita na zaɓa. Na rubuta:

"Kai ɗan talla, ba ka cikinmu. Ba mu san ka ba, ba ma son saninka. Kwashi maganin ƙarfinka ka kai wa kakanka. Prapto, mai riƙon zaure."

Na karanta sau uku ina jin daɗin kaina. Har na tashi na sayo wa kaina soyayyen rogo.

Zaure ya yi tsaf. Ba agogo, ba matar janar, ba hoto. Mutane suka yi ta aiko da godiya, wani likita ma ya ce irina ake nema a gwamnati. Alhamis ta zo ta wuce ba wasiƙar Mbah, na ce ko sanyin ƙafarsa ne ya tashi. Wata Alhamis ta sake wucewa shiru, aka fara tambaya a zaure, na amsa da cewa tsufa ne, a yi masa addu'a.

Ranar Lahadi muka haɗu a filin atisaye, inda muke ɗaga kejuna a kan dogayen sanduna mu tsaya a ƙasa muna miƙa wuya. Sai ga Mbah ya taho a ƙasa, ba keji a hannunsa, sanye da rigar batik ɗin da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Na nufe shi da fara'a, na shirya tumbina don ya sha tsiya. Ya tsaya, ya haɗa hannuwa a gaba, ya ɗan rusuna mini.

"Ranku ya daɗe, Pak Prapto. An tashi lafiya? Ina fatan ban tare muku hanya ba."

Da harshen can sama ya yi mini magana, wanda ake yi wa hakimi. Tsoho ɗan shekara saba'in da takwas, ni kuwa da ya taɓa ja mini kunne a wannan filin. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Mbah, lafiya?" Ya ce lafiya lau, albarkacin manya irinmu. Ya zagaya ya gaisa da kowa kamar yadda ya saba, ya ce wa Pak Gunardi tsuntsunsa tari yake yi, sannan ya dawo ya nemi izinina ya tafi gida. An ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ni na ji kukan sarai, jawabin ne ya gagare ni, haka na koma gida.

Washegari na tafi shagon intanet na Bu Lastri, wato Inna Lastri, da ke bakin kasuwa, don na san a can Mbah ke rubuta wasiƙunsa. Bu Lastri da miya take sayarwa kafin ta sayi kwamfutoci biyar, kuma har yau da ludayi take magana ko ba ya hannunta. Tana ganina ta ce, "Ga marubucin nan ya iso. Ku matsa masa, kada ya tuna da kakanninku."

Ta zaunar da ni ta warware mini komai. Ashe Mbah bai taɓa yin rajista ba. Saƙonnin zaure a takarda take buga masa daga adireshin shagon, ya tafi da su gida ya karanta a kujerarsa. In zai aika nasa kuwa, duk Alhamis sai ta buɗe masa sabon adireshi, wai shi a aikinsa bai taɓa ganin an sake amfani da ambulan da aka riga aka aika ba. Ta yi ta yi da shi, ya ƙi. Kalmar sirri kuma, tunda an ce ta sirri ce, ba ya rubutawa, ba ya faɗa mata, shi kansa kafin ya kai ƙofa ta zama sirri a wurinsa.

"Wongso ɗaya, Wongso biyu, haka muka yi ta tafiya," in ji ta. "Ranar da ka zage shi muna kan Wongso casa'in da huɗu."

Ni sunan kawai nake gani a saman wasiƙa, ban taɓa duba adireshin ba. Na ce mata ai saƙon na 'yan talla ne, kowa ya karanta ya san ba da Mbah ake ba. Ta buɗe aljihun tebur ta miƙo mini wasiƙar da ya rubuta ranar. Takenta, da manyan baƙaƙe: MAGANIN ƘARFI GA NAMIJIN DA YA DAINA KUKA. Haɗin citta ne da zuma da wani ganye, ya rubuta shi musamman don tsuntsun Pak Gunardi.

Ta ce ko minti ɗaya ba a yi da aikawa ba amsa ta dawo. Mbah ya yi murna, ya ce yau To ya yi saurin amsawa, ga shi ya manta tabaransa, ta karanta masa. Ita kuma ta ɗaga murya, shago cike da mutane, sai da ta kai kan kakan sannan ta gane abin da take karantawa. Wani ya yi dariya. Mbah ya roƙe ta ta buga masa a takarda, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun riga, ya yi mata godiya ya fita.

"To me ya hana ki gaya mini, Bu?"

"Ya ce kada in faɗa. Yanzun ma ban faɗa ba, kai ka tambaya." Ta gyara zama. "Kuma bari ka ji sauran. Ka san 'yarsa ta Surabaya shekara biyu tana roƙonsa ya koma wurinta yana ƙi. Ya buga mata waya ya ce ya yarda. Ranar Asabar mijinta zai zo da mota. Gidan bene suke, ba a kiwo, tsuntsayen ma ya fara rabar da su."

Na san gidan benen nan, Mbah ya taɓa ba mu labarinsa, ya ce kwana uku ya yi a can bai ji kukan komai ba sai na injin wanki. Mutumin da ya ƙi tafiya don 'yarsa, ga shi zai tafi don layi uku da na rubuta har na saka wa kaina da rogo. Garin neman gira na rasa ido, kuma saura kwana biyar.

Ranar Talata da la'asar na sayi sukari da ganyen shayi, kamar yadda ake zuwa gidan babba, na tafi. A barandarsa ƙugiyoyi tara ne na rataye keji, shida sun zama wayam. Ya tarbe ni da "ranku ya daɗe", ya share kujerar da babu ƙura a kanta, ya kawo shayi a kofin baƙi. Muka yi zancen ruwan sama. Muka yi zancen tsadar gero da ramin da ke kan titin kasuwa. Sai da shayi ya huce na samu na lallaɓa na ce ai wani lokaci na'ura kan yi abin da ba a sa ta ba.

Ya ce haka ne, zamani ya zo da abin mamaki, ga shi har na'ura ta san yana da kaka.

Na ce ina nufin ba ni na aiko masa ba, ita ce ke mayar wa duk wanda ba ta sani ba, ni ina gida ma lokacin. Ya ciro takardar daga aljihu, ya warware, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a layin ƙarshe.

"Wannan sunan na'urar ne?"

"Nawa ne, Mbah."

"Shekara talatin da takwas ina kai wa mutane wasiƙu, Pak Prapto. Na kai ta sammaci, na kai ta saki, na kai ta mutuwa. Ban taɓa jin wanda ya ce keken ne ya rubuta ba."

Na ba shi haƙuri da duk kalmomin da na gada. Ya ce ba komai, wallahi ba komai, wanda a wurinmu shi ne ƙarshen komai. Na ce gobe sai in sa sunansa a rajista da hannuna, adireshi ɗaya kawai zai riƙe, zaure zai aiko masa da tambaya ya amsa cewa yana son shiga, shi ke nan. Ya yi murmushi ya ce ina shi ina wahalar da manya, mutum ya gina gida sannan ya tsaya a waje yana sallama, ai sai maƙwabta su ce ya ruɗe. Ya raka ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba.

Na buga wa Pak Gunardi waya na gaya masa, na kuma tuna masa cewa tsuntsunsa ne silar komai. Ya ce shi bai ce in zagi kakan kowa ba. Shawararsa ita ce a buɗe ƙofa kamar da, Mbah ya zo ranar Alhamis ya aika wasiƙarsa ta shiga, magana ta mutu ba tare da kowa ya ambace ta ba. Na ga da hankali a ciki, na buɗe, na aika wa Bu Lastri ta sanar da shi cewa an gyara na'ura.

Ranar Alhamis na zauna gaban kwamfuta tun safe. Matar janar ce ta fara shigowa, ta ce ta yi kewarmu. Masu agogo suka biyo baya, sannan masu magani suka zo da 'yan'uwansu da abokan arziki. Likitan da ya ce irina ake nema a gwamnati ya rubuto ya ce lallai irina ne a gwamnati. Har aka tashi daga aiki Mbah bai leƙa shagon ba. Bu Lastri ta ce da ta gaya masa an gyara, cewa ya yi madalla, Allah ya ƙara wa na'ura lafiya. Na sake rufe ƙofar, na rasa tsoho na kuma rasa mutunci.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na koma ofis, ba kowa sai ni da fanka. Na buɗe rajistar na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa a ce akwai wani Wongso da aka manta. Babu. Akwai mutumin da ya yi wata shida da rasuwa, akwai wani a Jakarta da ba shi da ko ƙwan tsuntsu, duk suna ciki. Sai ga nawa sunan, da alamar mai riƙo a gefensa. Na daɗe ina kallonsa, na ji haushinsa kamar na wani. Ban yi wani dogon tunani ba, na danna na goge shi.

Daga nan na rubuta wasiƙa zuwa ga zaure, da harshen sama, na faɗi abin da na yi wa Mbah ba tare da na ambaci na'ura ba, na nemi gafararsa a gaban kowa. Na aika. Kafin in ɗauke hannu amsa ta dawo: Kai ɗan talla, ba ka cikinmu. Na san da zuwanta, ni na rubuta ta, amma da na gan ta da sunana a sama da sunana a ƙasa sai da kunnuwana suka yi zafi. Wasiƙar ban haƙurin kuwa ba wanda ya gan ta, tunda baƙo ne ya aiko.

Na ce to, ya isa, bari in koma in aika ta yadda ya kamata. Sai na tarar ashe wanda ya goge kansa ya goge har da makullinsa. Sabon shiga kuma sai mai riƙo ya amince, mai riƙon da ya rage kuwa Pak Gunardi ne. Na buga masa waya. Ya yi gyaran murya irin na mutumin da aka ba kujera yana gwada laushinta, sannan ya ce ai ba a gaggawa a irin wannan, sai an bincika, zamanin nan 'yan talla sun iya shigar burtu. Ya ce in sake tuntuɓarsa wani makon.

Ranar Asabar da hantsi na isa gidan Mbah da takardu biyu a hannu. Akwatuna uku na jere a baranda an ɗaure su da igiya. Keji ɗaya ya rage, na tsohon zakaran gwajinsa mai suna Tambari, wanda ya ci kofin lardi sau biyu kuma ya tsufa a gwauro, don Mbah ya ce aure na ɓata murya. Ban tsaya zancen ruwan sama ba. Na miƙa masa wasiƙar da na rubuta, ya karanta, ya ninke. Na miƙa masa ta biyun.

Ya karanta. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya sake karantawa. Ya ciro tasa daga aljihu ya jera su a kan gwiwa yana gwadawa, kamar mai duba hatimi.

"Wa ya aiko muku da wannan?"

"Ni, Mbah."

"Ku kuka aika wa kanku?"

Na ba shi labarin yadda na goge sunana, da yadda na nemi komawa ƙofa ta ƙi, da abin da Pak Gunardi ya ce. Wajen shigar burtu ne ya kasa riƙewa. Dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, na tashi ina bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya share ido ya ce, "Kai To, amma kai sakarai ne. Wa ya taɓa kulle gida ya jefa makulli ta taga?"

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya bar ni, bai share mini kujera ba.

Ya ce zancen kakan bai dame shi ba ko kaɗan, kakansa 'ya'ya goma sha huɗu ya bari, da an kai masa maganin ma da ya raba wa mabukata. Ya ɗora yatsa a kan layin farko.

"Wannan ne. Tun da matata ta tafi, in na farka da safe nakan tambayi kaina, yau wa ke jirana? Sai in ce, ranar Alhamis mutum ɗari uku na jira. Sai ga takarda ta ce ba ka cikinmu. Na ce Lastri ta duba mini ko kuskure ne, ta duba, ta ce babu sunana." Ya ninke takardar. "Zagi ai ana mantawa, To. Wannan gaskiya ce."

Gaskiyar ce kuwa. Na ce masa ni ma yanzu babu nawa. Ya ce ya gani, mun zama mu biyu a waje, kuma sallamar mutum biyu ba ta kai ta mutum ɗaya ciwo ba. Ya tambaye ni ko dole ne sai adireshi ɗaya. Na ce dole ne. Ya yi tsaki ya ce to ni zan riƙe kalmar sirrin, tunda ya ga ba na iya ɓoye komai, nan take zan faɗa masa in ya manta.

Muna cikin haka mota ta tsaya a ƙofar gida. Surukinsa ne, Mas Teguh, ma'aikacin banki mai kirki wanda tun asuba yake tuƙi. Ya sumbaci hannun Mbah, ya gaishe ni, ya naɗe hannun riga ya nufi akwatuna. Mbah ya riga ya ba 'yarsa magana, kuma ba a sa mutum ya yi tuƙin awa shida sannan a ce masa an fasa. Na dubi Mbah, shi kuma yana duban kejin.

"Ɗana Teguh, ajiye tukuna," in ji shi. "An samu matsala. Tsuntsuwar nan ta yi ƙwai jiya, ta kwanta a kai. In aka motsa ta yanzu, sun lalace."

Mas Teguh ya ɗaga kai ya dubi kejin da ke rataye can sama, ya ce ai ba za a tafi da ita ba dama, ko ba wani za a bar wa ba? Mbah ya ce mai kwanci ba ta karɓar abinci a hannun baƙo, sai a yi haƙuri ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan su yi fiffike, a ga abin da Allah zai yi. Mas Teguh ya yi ɗage yana leƙe, bai hango komai ba sai gindin keji. Ya juyo gare ni, da yake an ce masa ni ne mai ilimin ƙungiyar.

"Da gaske ne, Pak Prapto? Akwai ƙwai?"

Tambari ya karkato kai ya zuba mini ido ɗaya. Shekararsa goma sha ɗaya shi kaɗai a kejin nan, ko inuwar mace bai taɓa gani ba.

Na ce, "Guda biyu. Da idona na gani."

Mas Teguh ya yi ajiyar zuciya, ya ciro waya ya koma gefe yana yi wa matarsa bayani. Mbah ya zungure ni da ƙafa, ya ce in daina tsayuwa kamar turke, in kwance igiyar akwatin tsakiya, butar shayi na ciki.